Lamba Tara a Barrow

Shekara bakwai ke nan ina gaban raga
a garin da ake ƙera jiragen ruwa,
inda ruwan sama ba ya saukowa ta sama,
ta gefe yake zuwa, ya mari kunne.
Sunana Ɗayyabu. Suka ce Dave.
Na gyara musu sau biyu, a na uku na amsa.

Dillalin da ya kawo ni ya ce matakala ce,
kaka ɗaya tak, manyan birane za su kira.
Lambarsa ta daina shiga kafin sanyi ya fita.
Na zauna a kan matakala har ta zama kujera.

Daren Talata, mutum dubu biyu da 'yan kai,
na san tarin wasunsu, na san wanda aka yi wa rasuwa.
Akwai tsoho Clifford a bayan raga da hular ulu,
in na ɓarar ya zage ni har kakana,
in na ci ya yi kuka kamar shi ya haife ni.
Ɗan baya a nan ba ya tambayar lafiyarka,
gwiwar hannu ce gaisuwarsa.
Ka tashi da laka a baki, alƙali ya ce a ci gaba.

Awa bakwai a bas zuwa kudu,
a tashi babu ci, mu iso gida da asuba.
A azumin da rana ta ƙi faɗuwa
na cusa dabino uku a cikin safa,
Doreen mai wanke mana riguna na duba agogo a madadina,
ta ɗaga hannu daga benci.
Ba ta san addu'ar ba, lokacin ta sani.

A Gusau ana cewa ɗan Talle yana Ingila.
Gaskiya ne. Ba a tambayi wace Ingilar ba.
Kawu na son kwanon rufi, ƙanwata kuɗin jarrabawa,
wanda muka yi ƙwallon tsumma da shi yana son babur.
Ina turawa. Ragowar ta wuta ce da taliya.
Inna ta ce, "Kullum sai na aiki yara gidan kallo,
ba su taɓa ganinka ba. Ko ka canja sana'a?"

Sau ɗaya ƙuri'ar kofi ta haɗa mu da manya.
Aka kawo kyamarori, aka yi wa turaku fenti,
unguwarmu kaf ta cika gidan kallon Lawandi.
Minti na saba'in da ɗaya ƙwallo ta taso daga kwana,
na tashi sama da mutumin da albashinsa na mako
ya fi nawa na shekara,
na sa mata goshi.
Gari ya girgiza, Clifford ya yi jifa da hula.
Sai daga baya na ji injin Lawandi
ya mutu a minti na sittin da tara.
Huɗu da ɗaya aka tashi. Ɗayan nawa ne.
Washegari suka gan ni a waya,
ɗan tsito kamar ƙuda a bakin faranti.

Sittin da uku na zura, duka-duka.
Yanzu gwiwar hagu ke gaya mini hadari kafin rediyo.
Manaja ya kira ni ofis, ya haɗa mini shayi da hannunsa,
a nan na gane.

Asabar ta ƙarshe filin ya ɗauki sunan da ba nawa ba,
na tsaya a tsakiya na saurara har suka gaji.
Litinin zan fara bin surukin Clifford gyaran famfo.
Da yamma yara goma sha biyu na jirana da ƙwallo,
cikinsu wata mai jan gashi da giɓi
ta tambaye ni sunan da uwata ke kirana.
Na faɗa mata.
Tana can bakin layi tana fama da harafin farko.