Kumfa Ɗaya

Daren Laraba a Agege,
ninki goma sha biyu na zaren kabon,
ƙaro na ratsa su a hankali.
Sai aka ɗauke wuta.
Injin zuƙar iska ya yi tari, ya mutu.
Minti bakwai kafin janareta.

Da safe ƙafar ta fito sumul.
Oga Akintola ya ƙwanƙwasa ta da tsohon kwabo:
ƙal, ƙal, ƙal, sai dum.

Iska, ƙwayar gero guda,
ta kwanta ƙarƙashin ninki na biyar.
Daga nan tsaga za ta rarrafa,
taki bayan taki,
har ranar da Sallau zai hau gadar Oshodi.

Na ɗauko zarto.
Sallau zai ƙara mako kan sanda.