Mai Fito a Taswirar Leiden

A shagon Misis Thackray, nan York,
ran Asabar nake goge gilasai.
Waje yayyafi. A bango kuwa
birnin Leiden, takarda ta yi ja don tsufa.

Magudanai sun kewaye gari
kamar zanen ƙwarya.
Can kusurwa wani mai fito,
bai kai ƙwayar riɗi ba,
shekara ɗari uku yana tuƙi,
har yau bai taɓa gaɓa ba.

Wani dattijo ya gyara tabarau,
ya taya, aka sallama.
Aka naɗe gari, ya sa a hammata.

Da yamma na goge gurbin.
Mai fito, ka riga ni tashi.
Ni da na zo yin shekara guda,
bana ta tara.