Lissafin Mai Tebur

Ranar da aka kafa allon a tashar Kawo
ni na riƙe wa mai buga ƙusa tsani.
Jan rubutu, ga hoton sigari an soke shi:
an hana busawa a nan.
Na riƙe tsanin nan da hannu biyu,
ɗan akuya na taya mahauci wasa wuƙa.

Shekara goma sha tara ina kan teburin nan,
sigari, ashana, goro, alewa mai yaji.
Bokona bai yi nisa ba,
amma ina da littafi mai shuɗin bango,
duk karan da ya fita sai na ja masa layi.

Watan farko ban ga komai ba.
Hayaƙin ƙaura kawai ya yi,
ya bar rumfar fasinja ya koma bayan katanga
inda kwata ke gangarawa,
direbobi a tsugune, a jere,
sai ka ce masu jiran wanzami.

A wata na uku layukan suka fara ramewa.

Lurwanu mai jigilar Zariya,
wanda kwali guda ba ya kai shi la'asar,
ya ce zuwa bayan katanga asara ce,
kafin ka dawo an cika motar wani.
Yanzu kara huɗu, wata rana uku,
sauran haushin ya huce a kan goro.

Ishaya na Sabon Tasha ya bari ɗungurungum.
Ba tsoron tara ba ne, in ji shi.
'Yarsa ce ta kawo masa abinci,
ta tsaya ta karanta allon da ƙarfi,
harafi bayan harafi, irin na 'yan aji biyu,
sannan ta dube shi.

Baba Ɗantsoho kuwa ko gezau.
Ya ce hayaƙin tirela ya fi nasa baƙi,
ita wa ya kafa mata allo?
Sau biyu ana cin sa tara,
yana tari yana zagin mai rasit.
Da damina 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi.
Ban ƙara jin labari ba, ban kuma tambaya ba.
Sunansa na shafi na tara,
naira ɗari shida, ban goge ba.

Yaran mota da kan koya daga guntun da aka yar,
yanzu su duba ƙasa, sai ɓawon gyaɗa.
Wannan ma ragi ne,
ko da yake ban san inda zan rubuta shi ba.

Amma Kuluwa mai koko ta tare ni da safe:
hayaƙin da kuka kora daga tasha
ɗakina ya tare, da shi da ashanarsa.
Maigida ya riƙe ƙishin yini guda
ya zo ya sauke a kan gidan sauron yara.

Jiya wata ɗaliba ta zo da takarda da biro,
wai shan ya ragu ko bai ragu ba?
Na buɗe mata littafi.
Na ce in ta nan ne, kashi ɗaya cikin uku ya tafi.
Sai dai littafina ba ya leƙa ɗakin Kuluwa,
bai kuma san wani ya kafa tebur bayan katanga ba.
Ta ce to me za ta rubuta?
Na ce ki sayi lemo tukuna.

Don lemo nake sayarwa yanzu a gefen hagu,
ribarsa ba ta kai ba, ga ruɓewa.
Da dare na ƙirga kuɗi sau biyu, ba su ƙaru ba.
Autana ya hau cinyata, ya cusa hanci a rigata,
ya daɗe bai ɗago ba.
Da can, daga bakin ƙofa yake min sannu da zuwa.