Ƙwayoyi Uku a Talata Mafara

Ni da na tsufa a ruwan Bakalori,
na san in an sako shi da ƙarfi
shi ke zaizaye kunya.
Haka Likita Ladidi ta ce da jinina:
ga suga, ga hawan jini,
ƙoda kuwa rariya ce, ba ta kuka.

Ƙwayar farko ta sauke jinin sarai,
sai ta kumbura mini ƙafa,
takalmin Juma'a ya ƙi shiga.
Ta biyu ta mai da ni mai gadin makewayi,
sau huɗu kafin assalatu.
Ta uku ce ta rage kumfar fitsari,
amma tari ya biyo ta kamar mai bin bashi,
har liman ya waiwayo bayan sallama.

Na ce, "Likita, wacce ce gwana?"
Ta juya takardar gwaji.
"Ga zuciyarka, sun kusa kunnen doki.
Ga ƙodarka, ƙanwar ta uku zan ba ka,
ba ta tari.
Bayan mako biyu ka dawo a ɗebi jini."

Yau da hantsi ina tsugune bakin magudana,
ina sassauta wa shinkafa ruwa
kaɗan-kaɗan.
Jummala ma ta rage gishirin miya.