Yatsu Biyu

Ja ce, kujera biyu, ba rufi sai tamfol.
Babana ya saye ta a Bukuru
hannun wani injiniyan kuza da zai koma ƙasarsu.
Bayan rasuwarsa ta yi shekara goma sha tara
a kan bulo huɗu,
kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Bana na tashe ta.
Injin ya yi tari uku, ya amsa.
Saura ƙafa.

A Dilimi na ga wili mai ɗaukar ido,
inci goma sha bakwai,
da taya mai faɗin kafaɗar ɗan dambe.
Ban ko taya ba, na biya.

A Farin Gada, Baba Chuwang ya dube su,
ya dube ni,
ya goge hannu a jikin wandonsa.
Ramin noti huɗu suka faɗa daidai.
Na ce, ka gani?
Ya sauke jak, ya ce, karya sitiyari.

Na karya dama.
Wani abu ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare.
Na fito, ga jan fenti a gefen sabuwar roba.

"Ta baya turi kawai ta sani," in ji shi,
"ko jaki ya iya wannan.
Ta gaba ita ke waiwaye,
ita ke durƙusawa in ka taka birki a gangaren Gada Biyu.
Mai waiwaye kuwa sai da fili.
Yatsu biyu tsakanin roba da ƙarfe,
ko an karya har ƙarshe.
Sha huɗu. Faɗi ɗari da sittin da biyar.
Haka aka haife ta."

Na fara zancen zamani.
Sai ya kama hannuna
ya cusa ƙarƙashin madigadi, can ciki,
inda ido ba ya kaiwa.
Na ji wani kwari a jikin ƙarfen,
sumul, tsoho, tsatsa ta cike bakinsa.

"Aikin Malam Bawa ne wannan.
Ina yaron gareji lokacin, ni na riƙe masa sifana.
Shi ma manya ya kawo.
Shi ma bai yi ciniki ba.
Sati guda ya yi yana musu da ƙarfe."

Ban cire hannun da wuri ba.
Mutumin da ban taɓa ganin ya yi kuskure ba,
ga nasa a tafin hannuna.

Tsoffin wilin muka shiga nema.
Ɗaya na bayan ɗakin kaji.
Ɗayan ashe shi ne murhun da Inna
ke gasa mana masara tun ina firamare.
Wuta ta lanƙwasa shi, ba ya gyaruwa,
kuma ta ce ko yana gyaruwa ba ta bayarwa.
Sati uku kafin wani Obiora ya tono mana ɗan'uwansa
daga ƙasan tarin ƙarafa.

Jiya da yamma na hau hanyar Rayfield.
Siraran ƙafafu, kamar na zalɓe,
amma sitiyarin da yatsa ɗaya yake juyawa.
A kwanar farko na kasa kunne.
Iska kawai.

Manyan kuwa mai shagon ya ƙi karɓa.
Suna falo, na ɗora musu gilashi.
A kansu nake shan shayi.