Iskar Allura

A tsibirin Rishiri rana marowaciya ce.
Ta leƙo, ta ƙirga duwatsun gaɓa, ta koma.
Shekara hamsin da ɗaya Genzo na shanya konbu,
dogon ganyen teku mai santsi kamar ɗanyar hanta,
a kan tsakuwar da ubansa ya jera da hannu,
ido ɗaya a ganye, ɗaya a sama.
Bara gajimare ya sauko ƙasa, ya kwana tara.
Rabin abin da ya tsamo ya yi funfuna.

Bana Chizuru ta dawo daga Sapporo
da akwatin ƙarfe da allurai ɗari biyu.
Ta rataye su a rumfa, tsini na kallon ƙasa,
ta shimfiɗa raga, ta kwantar da ganye,
ta ce, Baba, ja da baya,
wutar da ke bakin allurar nan ba ta san tsoho ba.

Ba garwashi. Ba hayaƙi. Ko ɗumi babu.
Sai wani siririn tsaki,
da ƙamshi irin na hadari kafin ya zubo.
Ta ce lantarki ne ke tsikarar iska,
iskar ta zabura, ta faɗa kan ganye,
ta yaye mayafin laimar da ke kwance a kansa.
Ruwa, da ya ga an buɗe ƙofa, sai ya fita.

Genzo bai tanka ba.
Wanda teku ya rena ba ya saurin gaskata baƙo.

Tsakar dare ya fito da takalman roba.
A bakin kowace allura ɗigon haske, shuɗi-shuɗi,
kamar taurari sun shigo rumfa fakewa.
Ya tsaya nesa, yadda aka ce masa.
Gashin hannunsa ya miƙe shi kaɗai.

Da asuba sikeli ya faɗi gaskiya.
Ganye ya yi sakayau, launinsa bai ƙone ba.
Ya karya gefe, ƙas,
ya tauna, ya daɗe yana taunawa.
Ya ce, da saura. Babu ɗanɗanon rana.
Sannan ya tambaya ko ragar za ta ɗauki ashirin.

Har yau in ya farka
sama yake fara dubawa.
Chizuru na gani ta taga, ba ta hana shi.