Gawo Ya Ce, Rediyo Ta Ce

Da asuba na ɓare goyo ɗaya,
na ciji ƙwaya.
Ba ta ce ƙaras ba.
Haƙori ya nutse kamar ƙafa a bakin fadama.
Na tofar, na tsaya ina kallon gabas.

Jiya bayan isha'i rediyo ta ce
damina ba ta gama sallama da ƙasar Daura ba,
saura ruwa biyu, ko uku,
kafin watan nan ya mutu.
Mai maganar, daga jin muryarsa,
bai ci bashin taki buhu biyu
a hannun Alhaji Barmo na Mai'aduwa ba.

Baffa Jatau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "Ɗaga kai, Tanimu, dubi gawo.
Ya fara fid da ganye,
kuma gawo bai taɓa yin ado don ruwa ya gani ba.
Shamuwa ta kwashe 'ya'yanta tuntuni,
ga sheƙarta can bisa tsamiya, kango.
Wa ya fi su sanin sama?"

Na ce, "Baffa, bara ma gawon ya yi ado."

Sai ya kama gyaran hularsa.
Mu duka mun tuna bara:
ruwan dare ɗaya, bayan kowa ya rataye fartanya,
masara ta tsira a bayan uwarta,
ta yi gemu na biyu, kore shar.
Wadda muka kai rumbu kuwa
fumfuna ta sa mata baƙin lalle,
har kaji na tonawa suna wucewa.

In karya yau, ɗanya ce, rumbu zai dafa ta.
In bar ta tsaye, sama na da nata nufin.

Tabawa ba ta shiga gardamar ba.
Ta aiki Ilu ya aro tamfol ɗin masu hayar kujeru,
ta share bisa soro,
ta ajiye dutse huɗu, kowace kusurwa ɗaya.
Ta ce, "Ku yi ta tambayar itace da akwati.
Ni gwiwata ta hagu ta faɗa mini tun shekaranjiya."

Sai na raba gonar kamar gado.
Kunya ashirin na wajen rijiya na karye,
muka kwaso a amalanken Mati,
muka shanya su jere, haƙora a rana.
Sauran na bar wa Allah,
da gawo.

Laraba da la'asar hadari ya taso,
baƙi kamar gindin tukunya.
Ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa.
Tabawa na jan tamfol, iska na ja,
Ilu ya kwanta a kai da cikinsa yana salati,
ni ina tsakiyar gida, ban san wace rabin zan yi wa addu'a ba.
Aka yi tsawa ɗaya.
Aka yayyafa mana kamar yadda mai guga ke yi wa riga,
sannan ya tattara ya nufi Sandamu.
Mun ji daga baya can ya sauke kayansa.

Baffa ya leƙo ta kan danga: "Ka gani?"
Da dare rediyo ta ce saura biyu.
Tabawa ta shafa gwiwa, ba ta ce komai ba.

Yau kwana shida.
Barmo ya aiko yaronsa, wai gaisuwa ce kawai,
yaron ya gaishe ni idonsa na bisa soro.

Na sake shiga gona da asuba, raɓa har cinya.
Karan ya fara magana in an taɓa shi,
goyon ya sunkuyar da kai.
Na ɓare, na ciji.
Ƙaras.
Har gefen turmina ya tafi da ita.

Na tofar da jini kaɗan, ina murmushi,
na ƙwala wa Mati kira ya ɗaura shanu.
Kafin ya amsa na waiga gabas:
ga wani ɗan gajimare, bai fi faifai ba,
zaune daidai kan gawon Baffa.